Feshi Arba'in da Takwas

A wani layi mai shaguna goma sha biyu an yi wani mai aski da ake kira Kaifi. Ba iyayensa ne suka sa masa sunan ba, ba kuma abokai ba. Shi ya zauna ya zaɓar wa kansa, ya sa aka rubuta a allon shago da jan fenti, ya kuma daina amsa kowane suna sai shi.

Aski dai ya iya, babu mai musu. Abin da ya dami jama'a shi ne bai yarda a askin kaɗai iyawarsa ta tsaya ba. In ka zauna a kujerarsa da ciwon baya, zai nuna maka inda likita ya yi kuskure. In motarka ta ƙi tashi, ya san dalili tun kafin ka faɗi irin motar. Tela, maƙwabcinsa na hannun dama, yakan ce Kaifi zai iya tsayar da uwar 'ya'ya tara a hanya ya koya mata goyo.

Abu biyu ne kawai suka fi ƙarfinsa a duniya. Na farko hancinsa. Akwai wata bishiya a ƙofar shagon, duk shekara in ta yi furenta rawaya sai hancin Kaifi ya ɗaura yaƙi. Atishawa bakwai-bakwai a jere, ido jawur, hanci na zuba kamar lalataccen famfo, har sai furen ya ƙare.

Na biyu kuwa mai kantin magani ce, wadda kantinta ke tsallaken titi, daidai saitin madubinsa. Shekara biyu yana aski da ido ɗaya a ƙeyar mutane, ɗaya a madubi, inda take bayyana 'yar ƙarama cikin farar riga tana jera kwalabe. Ita ma in ta fito shan iska, ba a taɓa kama ta tana kallon shagon tela ba.

Magana ta kai har gida. Wata Litinin da safe, bishiyar na tsakiyar fure, ta kira shi kantinta.

"Baba ya ce zai zo ka rage masa gemu ranar Asabar ta sama," in ji ta. "Mai askinsa idonsa ya yi rauni. Ya ce a kujerarka zai ga ko wane ne kai."

Mahaifin nata tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum mai agogo da ƙa'ida, kuma duk unguwar an san gemunsa kafin a san muryarsa.

"Ki ce masa ya zo da madubinsa," in ji Kaifi, "don nawa ba zai iya ɗaukar kyan da zai yi ba."

Bai rufe baki ba atishawa ta ƙwace masa. Ta jira har ya kai ta bakwai, sannan ta ajiye wata 'yar kwalba a gabansa.

"Wannan ba mura ba ce, Malam Kaifi. Hancinka ne ba ya shiri da ƙurar furen nan, da ta shiga sai cikinsa ya kumbura. Wannan feshin sitiroyid ne, kumburin yake kwantarwa, amma a hankali yake aiki. Kullum da safe, feshi biyu a kowace ƙofar hanci. Ka girgiza kwalbar, ka fyace, ka ɗan sunkuyar da kai, ka karkata bakinta wajen kunne, kada ka saita tsakiya. Sai ya yi kwanaki kafin ka ji daɗinsa, shi ya sa nake ba ka tun yau."

"Malama, ni za a koya wa feshi? Shekara goma sha takwas kwalbar feshi ba ta bar hannuna ba. Na fesa wa kan alƙali, na fesa wa kan ɗan dambe."

"Ka dai karanta takardar da ke ciki."

"Takarda ai ta masu koyo ce."

Ta dube shi irin kallon da ake yi wa tulun da aka ajiye a bakin tebur. Shi kuwa ya ɗauka kallon so ne zalla, ya tsallaka titi yana taku ɗai-ɗai.

A shago ya tarar da tela da malamin makaranta, wanda ya zo a gyara masa ƙeya kafin ya shiga aji. Tela ya karɓi kwalbar ya juya ta.

"Sitiroyid? Ba irinsa masu ɗaga ƙarfe ke sha ba? Ka yi hankali, mutumina, kada hancin nan ya yi ƙwanji. Dama can ya ishe mu."

"Wancan daban, wannan daban. Ka tsaya a allura da zare."

Ya girgiza kwalbar, wannan kaɗai ya riƙe cikin bayanin. Sai ya miƙa hannu ya riƙe ta nesa da fuskarsa, yadda yake fesa wa kan mutane ruwa, ya rufe ido, ya bi fuskar da feshi daga hagu zuwa dama, ya bubbuga kumatunsa don ya shiga jiki.

"Shi ke nan," in ji shi. "A je a gaya wa atishawa ta nemi wani gidan. Malam, bisimilla."

Malam ya zauna. Kaifi ya kunna inji, ya ɗora a gefen kai, yana ba da labarin yadda ya taɓa aske wani yana barci bai farka ba. A tsakiyar labarin atishawa ta zo babu sallama. Injin ya tashi daga gefen bai tsaya ba sai tsakiyar kai.

Malam ya daɗe yana kallon madubi.

"Malam Kaifi, wannan titin ina ya nufa?"

"Sabon yayi ne. Kai ne na farko a garin nan."

"Ina da aji ƙarfe goma. Yara sittin."

"Yau babu wanda zai yi maka barci."

Aka ƙare da aske kan tal, malam ya ari hular tela ya tafi.

Washegari mai magani ta tsallako da kanta, don ta madubin nan ba shi kaɗai ke gani ba.

"A cikin hanci ake fesawa, ba a kumatu ba."

"Gwada ƙarfinsa nake yi."

"To ka gwada. Yanzu sai ka yi yadda na ce. Kullum."

Da ta tafi ya zauna a kujerar aski ya yi nazari. A sana'arsa, duk abin da ke aiki nan take ake ganin aikinsa. Ka taɓa inji, gashi ya faɗi. Ka shafa kumfa, gemu ya yi laushi. Maganin da zai ce a ba shi kwanaki, rago ne, kuma rago ba a aika shi shi kaɗai, sai an haɗa shi da 'yan'uwansa. Nan take dabara ta faɗo masa, har ya ji tausayin likitocin duniya da ba su taɓa tunaninta ba.

Ya ɗauki guntun sabulu ya ja layi huɗu a kusurwar madubi.

"Wannan fa?" in ji tela.

"Runduna nake tarawa. Feshi huɗu kullum, ina ajiyewa. Ranar Asabar in sake su gaba ɗaya."

"Ita fa cewa ta yi kullum."

"Ka taɓa ganin an kashe gobara da cokali? Ita magani ta karanta, ni dabara na karanta."

"A wace makarantar?"

"Wadda ba ta ɗaukar teloli."

Daga ranar, kowace safiya sai ya fito ƙofar shago ya ɗaga kwalbar sama yadda za ta gani, ya kai ta hanci da murfinta a rufe, ya yi kamar ya fesa. Ita kuma sai ta yi masa murmushi daga tsallake. Murmushin yakan ɗan soke shi a ƙirji, amma sai ya koma ya ƙara layi huɗu, ya ji sanyi.

Kafin rundunar ta cika, ya ga ya kamata ya rage wa abokin gaba ƙarfi. Ranar Alhamis ya samo doguwar gora, ya ce zai kaɗe furen bishiyar duka a wuni ɗaya a huta. Ya naɗe hannun riga, ya kira jama'a su shaida, ya shiga dukan rassa. Ƙura rawaya ta sauko kamar an zazzage buhu. Ta rufe fararen rigunan ma'aikatan asibiti guda ashirin da tela ya rataya a waje. Ta cika cikin wata waya da mai gyaran waya ya buɗe a tebur. Mutanen da ba su taɓa atishawa ba a rayuwarsu suka yi a ranar. Kaifi kansa, gora a hannu, ya yi talatin da ɗaya ba hutu. Tela ne ya ƙirga, yana kakkaɓe riguna yana ambaton kakannin gorar.

Da safe bishiyar ta wayi gari da sabon fure, ya fi na jiya yawa.

"Tsoro ne ya kama ta," in ji Kaifi. "Ƙarfinta na ƙarshe take fitarwa."

Ranar Litinin ya zo da hular kwano irin ta masu babur, mai gilashi a gaba. Ya ce ƙura ba ta da hanyar shiga. Mai gyaran waya, wanda bai gama hucewa ba, ya yarda ya zauna don an ce masa gyaran fuska kawai za a yi. Abin da Kaifi bai lissafa ba shi ne ƙurar da ta riga ta shiga. Atishawar ta tashi a cikin kwanon kamar an buga ganga a rijiya, gilashi ya yi hazo, shi kuma ya ƙi tsayawa, wai hannunsa ya san hanya ko ba ido.

"Malam Kaifi," in ji mai gyaran waya bayan an cire kwano, "ina girata ta hagu?"

"Ta yi maka yawa. Tana tsufar da kai."

"Ta dama fa?"

"Ita ba ta da laifi."

Labari ya zaga layi. Bencin shagon ya ci gaba da cika, amma babu mai hawa kujera. Kowa kallo ya zo.

Ranar Laraba da yamma mai magani ta tare shi a bakin titi.

"Kana fesawa kuwa?"

"Kullum muna tare."

"Miƙo kwalbar in gani."

"Na baro ta a ɗaya rigar."

"Kwana tara ke nan. Ya kamata a ce ka fara samun sauƙi."

"Hancina ba irin na kowa ba ne, Malama."

Ta juya tana kallon motocin da ke wucewa. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Baba ba ya ba mutum zama biyu. Ni kuma na gaji da ganinka ta tsallaken titi."

Saura kaɗan ya faɗa mata gaskiya. Har ya buɗe baki. Sai ya tuna layukan madubi sun kai talatin da shida, ya ga ba ƙaramar asara ba ce a wargaza runduna irin wannan saura kwana uku yaƙi.

"Ki sa ido ranar Asabar," in ji shi.

Asabar ta zo. Tun tara da rabi benci ya cika, har da masu tsayuwa a ƙofa. Malam na nan da hula. Mai gyaran waya na nan da girar da ya zana da jagirar matarsa, ta fi 'yar'uwarta tsawo. Kaifi ya sa sabuwar riga, ya share shago sau biyu, sannan ya tsaya gaban madubi ya nuna layukan.

"Jama'a, arba'in da huɗu. Tela, ƙirga."

Ya jefa kai baya kamar mai kallon jirgin sama, ya cusa bakin kwalbar tsakiyar hanci, ya shiga dannawa yana zuƙa da ƙarfi. A na goma maganin ya gangara maƙogwaro, ɗacinsa ya murɗe masa fuska. A na ashirin hawaye suka zubo. A na talatin abin da yake turawa ya fara dawowa yana ɗiga a leɓe. Tela na ƙirgawa cikin natsuwa kamar mai auna yadi.

"Arba'in da huɗu," in ji tela. "Na yau fa?"

Kaifi ya dube shi da jajayen idanu, ya ƙara huɗu.

Ya share hanci da hankici, ya ga ɗan jini.

"Ciwon ne ke fita," ya ce, ya cusa hankicin a aljihu.

Ƙarfe goma daidai tsohon ya shigo. Dogo ne, a miƙe kamar sandar fitila, agogo a hannu. Gemun fari tas, a taje, ya sauko har maɓalli na biyu. Jama'a suka miƙe. Kaifi ya rusuna har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. Ranka ya daɗe."

"Yauwa, ɗana. Kai ne Kaifin?"

"Ni ne, Baba. Babu na biyu."

"Haka na ji." Ya zauna, aka yafa masa ƙyalle. "Faɗin yatsa ɗaya za ka rage daga ƙasa. Da almakashi."

"Baba, almakashi ai na masu rawar hannu ne. Ka bar ni in nuna maka aikin inji. A iska nake riƙe shi, ba ya taɓa fata."

Tsohon ya gyara zama. Ya dube shi ta madubi, ya duba agogo.

Inji ya fara kuka. Minti ɗaya, komai lafiya. Kaifi ya waiga ya kashe wa tela ido. A nan ne ya ji wani abu ya motsa can cikin hancinsa, ɗan ƙarami, kamar tururuwa ta juya a barci. Ya haɗiye. Ta sake juyawa. Ya danne numfashi, fuskarsa ta cika ta yi jawur, ƙofofin hancinsa na rawa.

"Ɗana," in ji tsohon, "kashe injin ka yi atishawarka."

"Babu wata atishawa, Baba. Na kashe ta ɗazu a gaban shaidu."

"Ina ganinta daga nan."

"Gawarta ce, Baba."

Atishawa ta farko ta ɗauki injin daga ƙasan haɓa ta kai shi kunne. A ta biyu yana laluben makunni, injin ya dawo ta sabuwar hanya. Ta uku da ta huɗu suka share abin da ya rage a tsakani. A ta biyar tela ya yi tsalle ya zare wayar daga bango. Ta shida da ta bakwai Kaifi ya yi su cikin shiru, inji a mace a hannunsa.

Rabin gemun na dama ya kwanta a kan ƙyalle, ya zame a hankali, ya sauka ƙasa.

Babu wanda ya yi tari. Malam ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Shirun ne ya kira mai magani. Shekara biyu ba ta taɓa jin shagon nan ya yi tsit ba. Ta tsallako, jama'a suka dare mata. Ta tsaya tana kallon haɓar mahaifinta, wadda ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Sai idonta ya kai kusurwar madubi. Ta bi layukan sabulu huɗu-huɗu, ta ɗauki kwalbar ta jijjiga a kunne.

"Kwana goma sha ɗaya kana ɗaga mini kwalba a rufe."

"Ajiya nake yi, Malama. Dabarar ba ta da laifi. Ina jin adadin ne bai kai ba."

Tsohon ya juya fuska dama, ya juya hagu. Gefe ɗaya dattijo, gefe ɗaya kamar ɗan makarantar da ya yi furfura.

"Ɗana, na tuƙa jirgi har na gaji. In aka ce ka tsaya a tasha goma sha ɗaya, ba ka tara tsayuwar ka yi ta gaba ɗaya a tashar ƙarshe."

Benci ya fashe da dariya, tsohon ya ɗaga yatsa aka yi shiru.

"'Yata ta ce maka kullum, ba ka ji ba. Na ce maka almakashi, ba ka ji ba. Na ce ka kashe inji, ba ka ji ba. Ashe ba hancinka ne ya toshe ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Ke, har yanzu kina son wannan?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon gemun da ke ƙasa.

"Ban san dalili ba, Baba."

Tsohon ya ja dogon numfashi, ya kwance ƙyallen da kansa ya miƙe.

"To. Daga jibi, in jinin hancin ya tsaya, kullum ƙarfe bakwai ka zo ƙofar gidana ka fesa a gabana. Biyu nan, biyu nan, yadda ta ce. Ranar da gefen nan ya kamo ɗan'uwansa, ka turo manyanka."

"Baba, bari in daidaita maka ɗaya gefen, sai su taso tare."

"A'a. Wannan rabin zai zauna. Duk wanda ya tambaye ni a hanya, zan nuna masa allonka."

Kaifi ya ajiye injin.

"Kamar wata nawa zai ɗauka, Baba?"

"Wanda ke ƙasan nan, shekara ashirin da shida na yi ina kiwonsa."

Ya duba agogo, ya fita, ya bi tsakiyar layi a miƙe, masu shaguna na leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

Kaifi ya yi tsaye kamar an dasa shi. Sai kuma fuskarsa ta yi haske, ya zabura zai bi bayansa.

"Baba, akwai wani man gashi da na haɗa da kaina, kwana uku kacal..."

Mai magani ta sha gabansa a bakin ƙofa. Ba ta taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

"Gemun Baba na da saurin tsiro," ta ce a hankali, yadda benci ba zai ji ba. "Shekara ɗaya ce, in ba ka taimaka masa ba."